Ciwo ya sha iska ko a rufe shi? Kwatancen sifirit, aidin, GV, Vaseline da zuma

Yaro ya faɗi a kan kwalta ya ƙuje gwiwa, ko wuƙa ta zame wajen yanka albasa, ko salansar babur ta lashi ƙaurin wanda aka goya. Tun kafin a yi maganar asibiti, a cikin gida ake yanke shawara, kuma galibi ra'ayi biyu ne ke karo. Wani ya ce a zuba sifirit, a shafa GV, a bar wurin a buɗe ya sha iska ya bushe. Wani ya ce a wanke, a shafa mai, a naɗe. Ra'ayin farko ya fi magoya baya a wajenmu, domin busasshen ɓawo yana kwantar da hankali, ido na ganinsa sai zuciya ta ce an warke. Ni ina bayan na biyu a mafi yawan raunukan gida, amma ba duka ba, kuma wuraren da rufewa ke cutarwa sun isa a san su ɗaya bayan ɗaya. Dalilin duka biyun yana cikin abin da jiki ke yi daga lokacin da fata ta tsage.

Aikin da jiki ke yi da kansa

A mintunan farko jijiyoyin jinin da aka yanke sukan tsuke. Wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet su taru su manne a bakin raunin, sai wani furotin mai suna fibirin ya saƙa raga a kansu, jini ya daskare. Ga mai lafiya, ƙaramin yanka yakan tsaya idan aka danne shi da tsumma mai tsabta na minti 10 ba tare da an riƙa ɗagawa ana leƙe ba. Leƙen nan shi ke ɓalle gudan jinin a koma farko.

Daga nan zuwa kwana 3 ko 4 wurin yakan yi zafi, ya ɗan kumbura, ya yi zogi. Fararen ƙwayoyin jini ne suka iso. Rukunin farko suna zuwa cikin sa'o'i, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. A kwana na 2 zuwa na 3 wasu manya da ake kira makrofej su biyo baya, su cinye mataccen nama da datti, su kuma saki sinadaran da ke kiran masu gina sabon nama. Wannan kumburin na farko ba alamar ciwo ya lalace ba ne, amma a nan ne mutane da yawa ke rugawa kemis su sayo kafso ba gaira ba dalili.

Daga kwana na 4 zuwa kamar mako 3 sabon nama ke tasowa daga ƙasa, ja jawur, mai gudaje-gudaje, da an taɓa shi sai jini. Cike yake da sababbin jijiyoyin jini da zaren furotin da ake kira kolajin. Gefen raunin yana janyowa zuwa tsakiya, ƙwayoyin fatar sama kuma suna rarrafowa su lulluɓe shi. Ba daga gefe kaɗai suke fitowa ba, har daga saiwar gashi da ramukan gumi. Shi ya sa ƙujewa mai faɗi amma marar zurfi takan warke cikin mako ɗaya ko biyu ba wani tabo, yayin da ciwo mai zurfi da ya cinye saiwar gashin sai ya jira fata ta tako daga gefe, ya kuma bar tabon da ba ya fitar da gashi ko gumi.

Rufewar fata ba ita ce ƙarshe ba. Jiki yakan shafe watanni, wani lokacin fiye da shekara, yana warware kolajin na gaggawa yana sake shimfiɗa mai ƙarfi. A mako na 3 ƙarfin wurin bai wuce kamar kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, kuma ko ya gama nuna ba ya wuce kashi 80. Idan likita ya hana matar da aka yi wa tiyatar haihuwa jan ruwa a rijiya ko ɗaukar turmi alhali ɗinkin ya rufe, wannan lissafin yake dubawa.

Me ɓawo ke yi wa wannan aiki

Ƙwayoyin fatar da ke rarrafowa ba sa iya tafiya a kan busasshen wuri. Idan saman ciwo ya bushe, wani ɓangare na naman da ke da rai yakan mutu ya shiga cikin ɓawon, su kuma ƙwayoyin sai sun nutsa ƙasa, suna narkar da abin da ke gabansu, kafin su sami danshin da za su bi. A 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya yi ƙananan raunuka a fatar aladu, domin fatarsu ta fi ta yawancin dabbobi kama da ta mutum. Ya rufe wasu da siririyar leda, ya bar wasu a iska. Waɗanda aka rufe, sabuwar fata ta lulluɓe su da saurin da ya kai kusan ninki biyu. A 1963 Hinman da Maibach a Amurka suka gwada a jikin mutane, suka ga danshin ya yi irin wannan aikin. Tun daga nan akalar wankin ciwo a asibitoci ta juya.

Magina sun san irin wannan a sana'arsu: sabon filastan siminti da aka bari rana ta busar da shi da wuri tsattsagewa yake yi, wanda ake yi wa ban ruwa shi ke kamawa.

Ban da jinkiri, ɓawon da ke kan gwiwa ko gwiwar hannu yana tsagewa duk lokacin da aka lanƙwasa gaɓar, jini ya fito, a sake sabon lale. Yara kuma ba sa barinsa, sai sun ɓanɓare. Ga ƙuda, ga ƙurar hunturu. Iyakar inda barin ciwo a buɗe ba ya da laifi shi ne ɗan karce ko yankan reza da bakinsa ya haɗe da kansa, wanda ko me aka yi masa zai warke cikin 'yan kwanaki.

Wanki ya fi duk abin da za a shafa

Kafin gardamar wane magani, abin da ya fi rage haɗarin ciwo ya yi ruwa shi ne a kore dattin da ya shiga. Binciken da aka tattara a kan wannan bai nuna ruwan gishirin asibiti ya fi ruwan sha mai tsabta ba wajen wanke raunukan yau da kullum. Sharaɗin shi ne ruwan ya zama wanda za ka iya sha hankali kwance. Idan na rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi ya huce. Ledar fiya wata tana da amfani a nan: a huda ta da tsinin allura mai tsabta, a matse, ruwan ya fita da ƙarfi ya kore yashi. A yi da leda biyu ko uku, kada a yi rowar ruwa. Sabulu na fatar da ke kewaye ne. Mai son haɗa ruwan gishiri, ma'auninsa giram 9 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Barbaɗa gishiri tsurarsa a cikin ciwo azaba ce kawai. Yashi ko baƙin kwalta da aka bari a ƙujewa, fata takan rufe a kansa ya zauna har abada, don haka ko yaro na kuka a daure a fitar da shi tun ranar farko.

Masu raɗaɗi: sifirit, haidurojin, aidin, GV

Sifirit gwani ne a kan fatar da ba ta tsage ba. Da shi ake goge wurin allura da almakashi. A cikin buɗaɗɗen ciwo kuwa, yadda yake kashe ƙwayar cuta haka yake kashe ƙwayoyin jikin da suka zo gyara, ya kuma busar da wurin. Raɗaɗin da mutane ke ɗauka shaidar magani na ci, jijiyoyin jin zafi ne kawai yake tsokana. A cikin jerin nan shi ne na ƙarshe da zan zaɓa.

Haidurojin, wanda ake sayarwa mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, kumfarsa ce ke sayar da shi. Kumfar nan ba ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa ba. Wani sinadari ne da ke cikin jini da nama yake farfasa maganin ya koma ruwa da iskar oksijin, kuma ko a kan ciwo mai tsabta tas zai yi ta. Yana da ɗan amfani sau ɗaya, ranar farko, wajen sassauta busasshen jini da datti. Mai zuba shi kullum yana ƙone sabon jan naman da ya taso jiya ne. Ba a ɗura shi a rami mai zurfi.

Aidin iri biyu ne, kuma bambancin yana da girma. Tsohon, mai sifirit a ciki, yana da laifin sifirit. Na biyun, fobidon aidin, ruwan ƙasa-ƙasa mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 wanda aka fi sani da sunan Betadine, yana sakin aidin ɗin a hankali, raɗaɗinsa kaɗan ne, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri. Idan ciwon mai datti ne, a kwata aka faɗi, ko a gona, ko cizo ne, shi zan zaɓa bayan wanki, na kwanakin farko. Ciwo mai tsabta ba ya bukatarsa. Jarirai, masu ciki da masu ciwon maƙoƙo kada a mulka musu shi a wuri mai faɗi ko na tsawon lokaci sai da izinin likita, domin jiki yana tsotsar aidin ɗin.

GV, mai launin shuni, araha gare shi, kuma ba ƙarya ba ne yana kashe wasu ƙwayoyin cuta da na ƙyasbi da makamantansu. Illarsa biyu ce. Yana busar da ciwo ya yi ɓawo mai kauri, sannan yana rina wurin har ma'aikacin lafiya ya kasa ganin ko naman ja ne, ko fari, ko ya fara ruɓa. A 2019 hukumar lafiya ta Kanada ta yi gargaɗi cewa yana iya ƙara haɗarin cutar daji, aka janye shi daga kasuwarta. A ƙauyen da babu komai sai shi, ya fi ƙasa da toka nesa ba kusa ba. Inda akwai fobidon aidin, ban ga dalilin zaɓarsa ba.

Akwai kuma al'adar fasa kafso, ja da yalo ko ampisilin, a zazzage garin a kan ciwo. Garin yakan dunƙule ya zama wani ɓawon, mugunya ta taru a ƙarƙashinsa. An yi maganin ne don ciki, ba don fata ba. Shafa dangin fenisilin a fata yana iya sa jiki ya tsane shi, ranar da aka bukaci allurarsa da gaske ta zama haɗari. Ga kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Vaseline da bandeji

Abin mamaki, wanda ba ya kashe komai shi ke kan gaba a ciwo mai tsabta. A 1996 an buga wani bincike da aka yi a wani asibitin sojoji a Amurka a kan mutum fiye da 900 da aka yi wa ƙananan ayyuka a fata. Rabi aka ba su farin man Vaseline, rabi man shafawa mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yawan waɗanda ciwonsu ya yi ruwa kaɗan ne a ɓangarorin biyu, ba wani bambanci na a zo a gani, warkewa ma haka. Man mai maganin ne ma ya jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Aikin Vaseline shi ne riƙe danshin da jiki ke fitarwa da hana bandeji mannewa.

Sai dai a kula da wane Vaseline. Ba kwalbar tsakar gida da kowa ke tsoma yatsa da hunturu ba, ba kuma mai turare ko launi ba. A sayi ƙarama sabuwa, fara, a ajiye ta don ciwo kaɗai, a ɗiba da abu mai tsabta, a shafa kaɗan. Man kaɗanya yana da kyau ga fatar da ta riga ta rufe tana ƙaiƙayi, amma na kasuwa da ake auna shi a buɗe ba na cikin ciwo ba ne.

A kan man sai a ɗora yadin bandeji mai raga-raga, a kama da filasta. Kada a ɗora auduga kai tsaye, zarenta yana maƙalewa a nama. Busasshen bandeji ba mai shi ma matsala ne, domin sabon nama yakan shiga cikin ragar, ranar canji a fizge shi tare da aikin kwana biyu. Idan ya manne, a jiƙa shi da ruwa mai tsabta a jira ya saki. Manyan kemis suna sayar da yadin da aka riga aka jiƙa da man farafin, ya fi sauƙi. Akwai kuma filasta ta zamani mai kauri da ke sha ruwan ciwo ta yi kwanaki ba a cire ba. Tana aiki sosai, amma da tsada, kuma gumin bazara yakan ɗaga gefenta kafin lokacinta. Ga yawancin gidaje, canji sau ɗaya a rana, ko duk lokacin da bandejin ya jiƙe ko ya yi datti, ya wadatar.

Danshi ma yana da iyaka. Idan fatar gefen ciwon ta yi fari ta yi laushi ta tattare, ruwa ya yi yawa: a rage man, a ƙara yawan canji. Masu kwance bandeji sau biyar a rana saboda alwala kuma, malaman fiƙihu sun yarda a yi shafa a kansa idan wanke wurin zai cutar.

Zuma

Zuma tana da matsayi na daban a zuciyar mutanenmu, Alƙur'ani a Suratun Nahli ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane, kuma a fagen ciwo bincike ya ba ta hujja mai ƙarfi. Sukarinta ya yi yawan da yake zuƙe ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta. Tana da ɗan tsami da yawancinsu ba sa so. Idan ruwan ciwo ya sirka ta, wani sinadari da ƙudan zuma ke zubawa a cikinta yakan riƙa samar da haidurojin kaɗan-kaɗan, ƙasa ƙwarai da na kwalba, wanda ya isa ya hana ƙwayoyin cuta sakat bai kai ya ƙone nama ba. Tana riƙe danshi, tana sassauta mataccen nama, tana kashe wari. Wato ta haɗa abin da ake nema a wajen aidin da abin da ake nema a wajen Vaseline.

Ɗaya daga cikin rahotannin da suka dawo da ita idon likitocin duniya daga Najeriya ya fito. A 1988 likitan tiyata Spencer Efem na asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba ya ba da rahoton majinyata 59 masu raunuka da gyambo, mafi yawansu waɗanda maganin asibiti ya gaza a kansu, ya yi musu wanki da ɗanyar zuma. Mutum 58 suka samu sauƙi ƙwarai. Ɗayan da bai samu ba gyambon Buruli gare shi, wanda wata ƙwayar cuta ce dangin ta tarin fuka ke haddasa shi, sai da maganinta na musamman. A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen magani, ta duba gwaje-gwajen zuma ta ce a ƙunar da ba ta cinye fata duka ba tana gaggauta warkewa da kamar kwana 4 zuwa 5 a kan wankin da aka saba. A gyambon ƙafa na kumburin jijiyoyi kuwa ba a ga fifikonta ba.

To me ya hana a ce kowa ya koma zuma? Na farko, wace zuma? Wadda aka dafa ta da sukari ko aka sirka da ruwa ta rasa abin da ake nema, kuma gwaje-gwajen da ake yi a bakin titi, na ashana da na ɗigawa a ruwa, ba sa rarrabewa da tabbas. Na biyu, ɗanyar zuma tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kwanciya a cikin kwanso, shi ya sa wadda ake yi don asibiti sai an haska mata wani haske mai kashe su. Haɗarin ƙarami ne a ciwon sama-sama, amma a rami mai zurfi ba abin wasa ba ne. Tana ɗan yi wa wasu raɗaɗi, tana narkewa da zafi ta biyo ƙafa, tana kiran tururuwa idan ba a naɗe da kyau ba. A zuba ta a kan yadin bandeji a kifa, a ƙara wani a sama, a canza kullum.

A ganina, ƙujewa ko yanka mai tsabta bai kai a taɓa zuma ba, Vaseline ya fi araha da sauƙi. Ƙaramar ƙuna da ta saɓule, ko ciwo marar zurfi da ya ɗan yi datti yana jan ƙafa, a nan zuma mai kyau ta fi. Ƙafar mai ciwon suga kuwa, ko da zumar za a yi, ma'aikacin lafiya ne zai yi yana dubawa.

Bagaruwa, toka, man birki

Garin bagaruwa da wanzamai ke amfani da shi yana tsuke nama ya tsayar da tsattsafin jini, da sinadarin da majema ke jeme fata da shi. Yana busarwa, kuma tsabtarsa ta dogara da inda aka shanya shi aka daka. Masu sa toka sukan kawo hadisin ranar Uhudu, inda Nana Faɗima ta ƙona guntun tabarma ta sa tokar a raunin Manzon Allah (SAW) jini ya tsaya. A lura da yadda abin ya gudana: an fara wanke raunin da ruwa, tokar kuma sabuwa ce da ta fito daga wuta a lokacin, kuma tsayar da jini aka nema. Tokar murhu da ta kwana kaji na tona ta wani abu ne daban. Man birki da fetur da makanikai ke zubawa guba ne ga nama.

Ƙasa da kashin shanu su ne mafi muni, saboda a cikinsu ƙwayar tetanus, cutar sarƙe haƙora, take zama. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, sau da yawa bayan an manta da ciwon. Babu abin shafawa da ke maye gurbin allurarta. Wanda ya ji ciwo mai datti ko mai zurfi, idan ya fi shekara 5 rabonsa da allurar, ko bai san ko ya taɓa yi ba, ya je a yi masa a ranar.

Ƙuna

A nan ma gardamar makilin, ɗanyen ƙwai, ƙullun kamu ko manja ta sa ana mantawa da abin da ya fi su duka: ruwa mai sanyi yana kwarara a kan wurin na minti 20. Zafi yana ci gaba da cin nama bayan an janye daga wutar, ruwan ne ke tsayar da shi, kuma yana da amfani ko an makara har zuwa sa'a 3. Ba ƙanƙara ba, ita tana ƙara kashe naman. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Idan yaro ne ƙarami, a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. Bororon da bai fashe ba a bar shi, ruwan da ke ciki da fatar da ke sama su ne rufin da ya fi kowanne. Farin man ƙuna mai sinadarin azurfa, irin su Dermazin, yana hana ƙwayoyin cuta, amma an gano yana jinkirta rufewar ƙuna marar zurfi idan aka gwada shi da rufin zamani ko zuma.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, hannu, al'aura ko kan gaɓa, ko ta lantarki, ko ta jariri, ta asibiti ce. Wadda ta yi fari ko baƙi ta ƙandare kuma ba ta zafi ita ce mafi zurfi, jijiyoyin jin zafin ne suka mutu. Ƙunar salansa takan fi yadda ake ganinta zurfi. Idan ta kai mako 2 ba ta rufe ba, a nuna wa likita.

Inda rufewa ke cutarwa, da maganar ɗinki

Cizon kare, na kyanwa ko na mutum, hujin ƙusa ko ƙaya, da ciwon da ya riga ya tara mugunya, waɗannan ba a toshe su da mai ko filastar da ba ta shan iska. Ƙwayoyin cutar sun riga sun shige ciki, wasunsu ma inda babu iska suka fi so. A wanke, a sa fobidon aidin, a ɗora yadi sako-sako don ƙuda, a tafi asibiti. Cizon kare ana wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15 cur, sannan a nemi allurar haukan kare ba tare da jiran ganin alama ba, domin da zarar alama ta fito babu magani. Likitoci ma galibi ba sa ɗinke irin waɗannan nan take.

Yankan da ke bukatar ɗinki shi ne wanda bakinsa ya wage ba ya haɗuwa, ko ana hango kitse rawaya ko farar jijiya, ko yana kan fuska, leɓe ko gaɓa, ko jini ya ƙi tsayawa. Idan yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu ba ya ji, an taɓa jijiya ke nan ko da yankan ƙarami ne. A je cikin sa'o'in farko, kada a kwana. Ɗan yanka a hannu da bai kai santimita 2 ba, marar zurfi, an gwada an ga ko ba a ɗinke ba yana warkewa daidai da wanda aka ɗinke. Zaren fuska akan cire shi a kwana 5, na kai 7 zuwa 10, na hannu da ƙafa 10 zuwa 14.

Ko wace hanya aka bi, ciwon da ke tafiya daidai zafinsa raguwa yake yi daga kwana na 3. Idan ƙaruwa yake yi, ko kumburi na yaɗuwa, ko ga mugunya da wari, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi, lokacin maganin sha ko allura ya yi, kuma likita ne zai zaɓa. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai a duba da bayan hannu ko wurin ya fi kewayensa zafi, ko fatar ta yi sheƙi ta ƙara duhu.

Wani ciwon kuma ba abin da ake shafawa ne matsalarsa ba. Kolajin ba ya ginuwa sai da furotin da bitamin C, wato wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale, gwaiba, lemo. Taba tana tsuke jijiyoyin da ke kai jini wurin. Mayukan bilicin masu sinadarin sitiroyid suna sirantar da fata su rage mata saurin haɗuwa. Ciwon suga yana kashe jin ƙafa ya raunana masu yaƙi da cuta, sikila kuma takan buɗe gyambo a kusa da idon sawu. Ciwon da ya yi mako 2 bai fara raguwa ba, ko ya kai wata bai rufe ba, a daina sauya masa magani daga kemis zuwa kemis, a auna suga da yawan jini, a duba jinsin jini. Idan kuma tsohon tabon ƙuna ne ko tsohon gyambo ya buɗe bayan shekaru, gefensa ya yi tudu yana zubar da jini, likita zai yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, domin cutar dajin fata takan fara a irin wannan wurin.